Karsanar 'Yar Allura

Ni dai ban iya ɓoye fushi ba, kuma ba da furfura a kai zan fara koya ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da shinkafa da wake a tashar Kwanar Dangora, duk direban da ya kawo mini raini yakan koma motarsa kunne na zafi. Amma wanda ya fi ƙona mini rai a duniya ba direba ba ne, ba kwandasta ba ne. Mahaifina ne, Baffa Dikko, kuma a kan karsana guda ɗaya tak.

A rugarmu, can bayan Ɗansoshiya, akwai abin da muka gada. Duk ɗan da aka haifa, mace ko namiji, ranar suna kakansa zai shiga garke ya ɗora sanda a gadon bayan wata karsana, wato saniyar da ba ta fara haihuwa ba, ya ce ta wane ce. Abin da ta haifa na yaron ne, abin da 'ya'yanta suka haifa nasa ne. Da su zai yi aure, da su zai tsaya da ƙafarsa. Ni kaina da na auri Bahaushe na baro daji, jikokin karsanata na sayar na sayi tukwanen da nake sana'a da su har yau. Yaron da ba a nuna wa karsana ba, a wurinmu, ba a sa ran zai kai ranar da zai buƙace ta ke nan.

Ƙanena Mudi da matarsa Luba sun shekara goma sha ɗaya ko ɓatan wata ba a yi ba. Luba ta sha rubutu, ta sha sassaƙe, ta sha saiwoyi har haƙoranta suka rine. An kai ta Doguwa wurin wani mai magani a gindin dutse, abin da ta dawo da shi gudawa ce ta kwana huɗu. Rannan wata malamar asibiti ta zauna cin abinci a rumfata kafin motarsu ta cika, hira ta kawo hira, ta ce mini akwai wani likitan mata a Zariya da yake duba irin wannan matsala. Ban yi shawara da kowa ba. Na aika ruga a ce ba ni da lafiya, Mudi da Luba suka zo duba ni, na tura su cikin mota.

Likitan ya duba Luba, ya ce sai an duba mijin ma. Ranar Mudi ya so ƙasa ta tsage ya shige. Na ce masa in ya kuskura ya gudu, ni da kaina zan tsaya a tsakiyar kasuwa in ba da labari. Ya tsaya. Aka ce shi ƙalau yake, ita ce ƙwanta ba ya sauka a kan kari. Aka ba ta ƙwayoyi biyar-biyar duk wata, da allura ɗaya. A wata na huɗu ciki ya shiga. Shekarar da aka canza kuɗi, bayan ciwon bushiya ya gama share garkunan mutane, Luba ta haifi 'ya mace, jawur da ita, gashi har goshi. Muka riƙa kiranta Kyauta.

Kwana ashirin kafin nan an yi sunan Isa, ɗan yayanmu Mamman, Baffa ya shiga garke ya nuna masa karsana fara sol. Ranar sunan Kyauta aka yanka rago, aka raɗa suna, aka sha fura, ni ina ta kai da kawo kamar ni na haihu. Hantsi ya yi, aka saki shanu suka tafi kiwo, Baffa yana zaune a kan buzunsa bai motsa ba.

Na ɗauka ɓarnar bushiya ce ta sa shi ƙyashi, don garken da ya haura ɗari ya dawo talatin da 'yan kai. Na bari baƙi suka watse, na je na durƙusa na gaishe shi, na ce ko an manta da karsanar jaririya. Ya ce ba a manta ba, a dakata tukuna. Na ce me ake jira? Sai ya tambaye ni ko na tuna maruƙan allura.

Na tuna su mana. Wasu shekaru kafin nan waɗansu malaman dabbobi sun zo rugar da mota, da wata tukunyar ƙarfe mai hayaƙin sanyi, suka ce za su sa wa shanu ciki ba tare da bijimi ba. Baffa ya ba su huɗu don gwaji. Aka haifi maruƙa manya-manya masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, a wata shida sun kere 'yan shekara. Har daga Tudun Wada mutane suka riƙa zuwa kallo. Damina ta biyu kaska da ciwon sammore suka kwashe uku. Ta huɗun ta rayu, amma ba ta iya bin garke, rana na ɗagawa sai ta nemi inuwa tana haki, har aka gaji aka sayar wa mahauta.

"Abin da aka samu da allura yana da kyan gani, Asabe," in ji Baffa, "amma ba shi da ƙarko. Na gani da idona."

Kai, jama'a. Jikarsa ce fa, kwananta bakwai a duniya, ake haɗa ta da maraƙi. Na danne zuciyata na yi masa bayani dalla-dalla, cewa waɗancan irin bijimin ƙasar sanyi aka ɗura wa shanunsa, wannan kuwa jinin Mudi ce da Luba, magani hanya kawai ya buɗe. Ya ce shi bai ce ba jininsa ba ce. Shanu sun yi ƙaranci, ba zai ɗaura karsana a kan sunan da bai tabbata zai zauna ba, don saniyar mamaci ba ta da daɗin kallo a garke. A bari a ga yayenta.

Za ku ce ina uban yarinya, ina uwarta. Kunyar 'yar fari ta cinye su. A wurinmu iyaye ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa ɗaukarsa a gaban manya, balle su buɗe baki su nema masa dukiya. Da an tayar da maganar sai Mudi ya miƙe wai zai duba igiyar maruƙa, Luba ta ja mayafi ta rufe fuska. Shekara goma sha ɗaya suna kuka a ba su, an ba su, sun koma kurame. Faɗan ya dawo kaina ni kaɗai.

Maigidana Ubale ya ce in daina tayar da jijiyar wuya, in sayi karsana a kasuwa in kai mata, magana ta ƙare. Na ce masa shi ya sa aka ce maka Bahaushe. Ko goma na saya na zuba a garken, shanun Asabe za a kira su. Sandar kaka ake nema, ita ce take gaya wa kowa cewa wannan yaron namu ne kuma muna jiran girmansa. Na je har wurin limamin Ɗansoshiya, ya tako da ƙafarsa ya gaya wa Baffa neman magani ba laifi ba ne, kuma mai bayarwa ɗaya ne. Baffa ya ce ya yarda, halas ce, shi ba halas yake magana ba, ƙarko yake magana. Ya ba liman ƙwaryar kindirmo ya raka shi bakin hanya.

Shi kuwa likitan, tun ranar da muka kai masa jaririyar ya gani, ya roƙi alfarma. Ya ce yana bin duk yaran da aka samu ta hannunsa don ya ga yadda suke girma, a riƙa kawo masa ita sau ɗaya a shekara. Na yi murna, don ni ma shaida nake nema.

Duk bayan girbi sai in rufe rumfa, in je ruga in ɗauko ta, mu hau motar Zariya. A ɗora ta a sikeli, a tsayar da ita jikin bango a auna tsayi, a zagaya kanta da tef, a leƙa ido da kunne da baki. Da ta tasa aka ƙara da cewa ta yi tsalle da ƙafa ɗaya, ta zana mutum a takarda, ta ƙirga yatsunta. Likita ya ɗiga alama a wani kati mai layuka, kowace shekara alamar tana gaba da ta bara. Ni ban yi boko ba, amma na san hawa na san sauka. A hanyar dawowa in saya mata rake da ƙosai, in sa katin a leda in soke a zani, in isa ruga ina ɗaga shi sama don kowa ya gani.

Ashe makami nake kai musu. Matan ruga suka ce, in lafiyarta ƙalau, me likita yake nema a jikinta duk shekara? Isa wa ya taɓa ɗora shi a sikeli? Baffa ya ce ai magana ta fito, tun da wanda ya ba da maganin bai sake ta ba, shi ma ba zai saki karsana ba.

Aka yaye ta, ta yi ɓul-ɓul. Na je wurin Baffa. Aka ce a bari ta yi ƙyanda. Tana shekara huɗu ƙyanda ta shigo rugar ta kwantar da yara bakwai. Ƙanwar Isa ta rasu, Allah ya jiƙanta, aka ce kwana ne ya ƙare. Kyauta ta miƙe a kwana goma tana neman tuwo, aka ce da ƙyar ta sha, na gaba ba lalle ba ne. Kun ji fa. In ɗan wani ya yi zazzaɓi sauro ne, in Kyauta ta yi atishawa allura ce ta motsa. Har wata tsohuwa ta ce mini sauran yaran haihuwar Allah ne, ita kuwa haihuwar asibiti ce. Na tambaye ta ko likitan ne ya busa mata rai, na ce ta yi istigfari tun bakinta bai ja mata ba. Shekara biyu ba ta amsa gaisuwata ba, ni kuwa ko a jikina.

Na koma bayan ƙyanda. Baffa ya ce a bari ta yi famfara, a ga ko sababbin haƙora za su fito. Suka fito reras, farare. Ya ce to a bari likita ya sallame ta.

Kada ku ɗauka ƙinta ake yi. Da ƙinta ake yi da na fi samun sauƙi, don na san yadda ake faɗa da maƙiyi. Sonta ake yi, irin son da ake yi wa baƙon da ya ce gobe zai tafi. Man shanun da aka fara kaɗawa nata ne, tsokar kaza tata ce. Ba a aikenta rafi, ba a ɗora mata ƙwaryar nono zuwa kasuwa, ba a barinta ta bi 'yan'uwanta kiwo. Hadari na haɗuwa a tura ta ɗaki. Ko ɓarna ta yi ba mai dukanta, sai a ce a ƙyale ta, baiwar Allah, kwananta nawa ne duka-duka. A gabanta fa ake faɗa, kamar ba ta da kunne. Yara suna kiranta 'yar allura, manya su kwaɓe su a hankali, irin kwaɓar da take nuna gaskiya aka faɗa ba a lokacinta ba.

Baffa kuwa, mutumin da kowace jika mace amaryarsa ce, ya tsokane ta ta ja masa gemu, bai taɓa yi wa Kyauta wasan jika ba. In ta kawo masa ruwa ya karɓa yana kallon wani wuri. Daga baya na gane tsoron sabo yake yi, don 'ya'ya biyar ya binne da hannunsa. Amma ganewar ba ta rage mini haushi ba, kuma ba ta ba yarinya karsana ba.

Ita kuwa tana ta miƙewa abinta. A shekara tara ta fi Isa tsayi da yatsu huɗu. Karsanar Isa ta haihu, 'yarta ta haihu, yaro ya tashi da 'yan shanunsa yana kiransu da suna suna ɗago kai. Kyauta ta tsaya a bakin shinge da safe tana kallon ana sakin garke, in sun ɓace ta koma ta zauna kusa da uwarta. Yarinya ce mai shiru, ba ta roƙo, ba ta riƙe abu. Na taɓa saya mata 'yan kunne da sallah, zuwana na gaba na gan su a kunnen 'yar maƙwabta. Na tambaye ta, ta ce waccan za ta fi morarsu. Na yi mata faɗa a kan almubazzaranci na wuce, matan ruga suna ta yabon kyautarta.

Na ce to a ba ni ita in sa ta makaranta a Kwanar Dangora, ta zauna a wurina. Goggonta ce ni, ina da haƙƙi. Na ɗauka Baffa ne zai hana. Luba ce ta biyo ni bayan ɗaki ta kama gefen zanina.

"Adda, ki yi mini rai," ta ce. "In abin zai zo, ya same ta a gabana."

Wannan ce ta fi ci mini rai. Matar da na riƙe wa hannu a layin asibiti, wadda ta ji bayanin likita da kunnenta, ashe ita ma ta haɗiye maganar maruƙa. Na zazzage ta tas, ta yi ta kuka, na dawo gida da zuciya a wuya na ƙona shinkafa tukunya guda.

Shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a ƙasar Kano, bayan an samu sauƙi, na kai ta awo na goma sha biyu. Likita ya yi furfura, ni ma haka. Aka yi duk abin da aka saba, sannan ya ce ta fita baranda ta jira. Ya buɗe mini katin daga farko har ƙarshe. Ya ce yaran da ya bi sun kai hamsin, sun yi zazzaɓi kamar kowa, sun yi ƙyanda kamar kowa, masu ƙoƙari da masu taurin kai duk akwai, bai ga abin da ya raba su da 'ya'yan maƙwabtansu ba. Ita wannan ma tana cikin dogayensu. Ya buga hatimi ya ce ya gama, ba sai an sake kawo ta ba.

Wallahi saura kaɗan in rangaɗa guɗa a ofishin mutane. Na fito na ja hannunta sai tasha. A mota ta tambaye ni me ya ce, na ce ya ce mun gama, kar a sake kawo ki. Ta ce to. Na saya mata rake, ta riƙe shi a cinya har muka sauka ba ta sha ba. Na ɗauka gajiya ce. Ni hankalina yana can wurin Baffa, ina ta shirya maganar da zan gasa masa.

Muka kwana a gidana, da sassafe muka kama hanya, muka isa ruga an gama tatsa ba a saki shanu ba. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi lafiyar garke, sannan na shimfiɗa katin a kan buzunsa. Na ce yaye ya wuce, ƙyanda ta wuce, famfara ta wuce, ga hatimin likita ya sallame ta. Saura me? Ko sai ta yi jika?

Ya ce shi bai san karatun bature ba.

Na ce, "To karanta wanda ka sani, Baffa. Kai ne kake hango saniya daga nesa ka faɗi shekarunta da ciwon da ta taɓa yi. Shekara goma sha biyu ba ka ɗaga ido ka dubi yarinyar nan ba. Dube ta yau. In ka ga aibi ka faɗa a gaban kowa, ni kuma ba zan sake tako rugar nan da maganar ba."

Kafin nan mutane sun taru. Mamman ya ce in sassauta murya, da mahaifi nake magana. Na ce na sani, shi ya sa nake durƙushe.

Sai Baffa ya sa aka kira Kyauta. Ya ce ta taka zuwa gindin ɗorawa ta dawo, ta taka. Ya ce ta buɗe baki, ya duba dasashi. Ya ja fatar idonta ƙasa, ya matsa damtsenta, ya kama idon sawunta ya juya. Ya nuna mata tulu cike da ruwa, wanda ba a taɓa barinta ta kusanta ba, ta ɗaga shi ta aza a ka ko nishi ba ta yi ba. Ina kallon fuskar tsohon tana sauyawa, don hannunsa ya gaya masa abin da baki ya kasa. Ya goge tafinsa a riga, ya ce a hankali, wannan ai ta fi ubanta ƙashi.

Ya miƙe ya ɗauki sanda. Na ɗauka zai nuna mata ɗaya kamar yadda ake yi, sai ya miƙa mata sandar. Ya ce tun da an daɗe ana ja mata rai, ta shiga da kanta ta zaɓa, duk wadda ta taɓa tata ce. Ba a taɓa yi wa wani jika haka ba. Luba tana bakin ɗaki ta toshe baki da mayafi, Mudi ya juya baya wai yana gyaran igiya. Ni kuwa na miƙe tsaye ina bin matan nan da kallo ɗaya bayan ɗaya, don kowacce ta san da ita nake.

Kyauta ta shiga garke. Akwai karsana uku a gaba, ɗaya fara mai dogon wuya wadda ko makaho ya shafa ita zai zaɓa. Ta wuce ta. Ta wuce ta biyu, ta wuce ta uku. Ta je can ƙarshen shinge inda wata tsohuwar saniya take tsaye ita kaɗai, ƙaho ɗaya a karye, haƙarƙari a waje, wadda ake jiran ranar kasuwa a rabu da ita. Ta ɗora mata sanda a baya, ta kama igiyar wuyanta.

Yara suka fashe da dariya. Baffa ya ce mata wannan ta gama haihuwa, ko damina mai zuwa ba lalle ta gani ba, ta sake zaɓa.

"Shi ya sa, Baffa," in ji ta. "Karsana sai an jira ta. A bar wa waɗanda za su ga 'ya'yanta."

Dariya ta ɗauke. Baffa ya tambaye ta wa ya ce ba za ta gani ba. Ta dube shi, ta dubi uwarta, ta dubi matan da ke tsaye, ba fushi a fuskarta ko kaɗan, sai mamakin a ce babba yana tambayar abin da kowa ya sani. Ta ce ai jiya ma likita ya ce kar a sake kai ta, kuma haka aka ce wa kakar su Isa ta wajen uwa lokacin da aka dawo da ita daga asibiti, ba ta yi mako ba.

Na tsallake shinge ban san na tsallake ba. Na buɗe katin a gabanta ina nuna mata alamomin, ina cewa dubi, hawa suke yi, sallamar lafiya ce, ba irin waccan ba ce, ke kin fi duk yaran nan lafiya. Ta bar ni na gama.

"Goggo, ba sai kin ɓoye mini ba," ta ce. "Na daɗe da sani. Duk shekara kina kai ni a auna a ga saura nawa."

Sau goma sha biyu na ɗora yarinyar nan a mota. Na yi faɗa da ubana, na yi da matan ruga, na yi da uwarta. Na yi wa direbobi bayanin katin nan, na yi wa masu cin shinkafa har suka gaji da ni. Ita kaɗai ce ban taɓa zaunar da ita na gaya mata abin da ake aunawa ba. Na ji haushin Baffa, na ji haushin Luba, amma haushin kaina da na ji a wurin nan ya shanye su duka.

Na rantse mata da Allah. Baffa ya shigo garken, ya kamo farar karsanar da hannunsa ya kawo ta gabanta, tsoho yana rantsuwa, yana cewa shi ne ya yi kuskure, shi ne bai duba ba. Ta saurare mu duka da ladabi, kai a sunkuye, kamar yadda mara lafiya yake sauraron masu zuwa dubiya.

Sannan ta ɗago ta ce, "To, Goggo, in da gaske ne, shekara nawa zan yi?"

Na buɗe baki in ce ɗari. Sai na tuna ba ni ke rabawa ba, kuma ba zan fara mata gaskiya da ƙarya ba. Na ce mata Allah kaɗai ya sani, kamar ni, kamar Isa, kamar kowa.

Ta gyaɗa kai, ta ce haka innarta ma take cewa kullum. Baffa yana tsaye ya miƙa mata igiyar karsana, ita kuwa ba ta saki ta tsohuwar saniyar ba.